Rikiɗar Halitta, Shiga Kyauta

A shekarun da kuɗin mai suka yi wa ƙasar nan ambaliya, ni ina ƙaramin malami a sashen Hausa na sabuwar jami'ar da aka buɗe mana a Sakkwato. Jami'ar ba ta da gidan kanta tukuna. Muna rakuɓe a gine-ginen aro cikin gari, ana ta nuna mana wani fili can wajen Dundaye, ana cewa nan ne mazauninmu na dindindin, da gidajen malamai da komai. Duk wanda ya je ya dawo sai ya ce ya ga tulin bulo da gonakin gero, da wani allo da iska ta karkatar.

Lokaci ne da ba a san ƙaramin abu ba. Masinja ya sayi babur, akawu ya sayi mota, mai mota ya raina tasa. In sojan da ke mulki ya yi magana a rediyo, sai ka ji kamar kuɗi ne suka dame shi yana neman inda zai zubar. Ana cikin haka wata gidauniya ta ƙasar waje, wadda ga alama labarin arzikinmu bai isa wurinta ba, ta aiko da sanarwar ɗan tallafi ga malaman jami'a. Ɗan tallafi ne na gaske, irin wanda manyan malamai suka karanta suka ɗora kofin shayi a kai. Sharaɗinsa shi ne malamai daga fannoni uku daban-daban su haɗu su yi bincike tare, su kuma koyar da jama'a da harshensu, a kan yadda halittu ke sauyawa a hankali, iri yana fita daga iri, cikin zamunnan da lissafi ke gajiya kafin ya ƙure su. Turawa suna da kalma ɗaya tak ta wannan abu, mai kama da sunan maganin tari. Mu ba mu da ita, kuma a lokacin ba wanda ya ji rashinta.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki takardar da muhimmanci, shi ne Dakta.

Dakta malamin ilimin dabbobi ne, Kirista, daga ƙauyukan kan dutse na wajen Jos. Gajere ne, mai sanƙo, kullum aljihun rigarsa a zube saboda duwatsu. Bai zama dakta ba sai daga baya, amma unguwa ta riga jami'a ba shi digirin. Na san shi tun kafin mu zama abokan aiki, domin shekara da shekaru yana haya a gidan Baffa, ƙanin mahaifina, babban ɗan kasuwar hatsi a Ƙofar Kware. Gidan yana jikin na Baffa, katanga ɗaya ce ta raba su, ita ma akwai wurin da ta gajarta don mata su riƙa miƙa wa juna kwano. Da farko mutane sun yi ta ƙananan maganganu, wai me ya kawo Kirista cikin birni ga unguwar baƙi can. Baffa ya ce gidansa ne, maganar ta mutu.

Baffa ba ya kiransa ɗan haya, sai dai "baƙona". Shi kuma yana ce masa Baba. A gidan aka haifi 'yar Dakta tilo, yarinyar da ta tashi tana Sakkwatanci fiye da ni da na yi karatu a Kano na dawo ana yi mini dariya. Rabin kwananta a ɗakin Inna matar Baffa take yi. Kowace babbar Salla cinyar rago guda ta Dakta ce, ba a ko tambaya. In Kirsimeti ya zo, Dakta zai kawo kajinsa Baffa ya yanka da hannunsa, don kada a ce akwai wanda ba zai ci ba. Na faɗi duk wannan ne don a san abin da gidan nan yake a wurin Dakta. Ya taɓa gaya mini cewa tun da ya bar ƙauyensu yana yaro, daga makarantar kwana zuwa wata makarantar kwana, bai taɓa zama inda in ya yi tari za a tambaye shi ta kan katanga ba sai nan.

Ran nan ya same ni a ofis, ya zube mini duwatsu a kan tebur.

"Malam, ka zo mu ci wannan kuɗi," in ji shi. Hausarsa irin ta can ce, komai namiji ne, har matarsa. "Ni zan kawo dutse, kai ka kawo Hausa."

"Na ukun fa? Sun ce fannoni daban-daban."

Ya ce ya samo wani malamin labarin ƙasa. Mutumin ya sa hannu, aka ɗauki hoto da shi, daga nan ban sake ganinsa ba sai a hoton.

Tallafin ya fito, don babu wanda ya nema sai mu. Ya ishe mu man babur da buga takardu da kuɗin fura. Muka yi ta zuwa ramukan farar ƙasa da tsaunukan da ke bayan gari, Dakta yana gaba da 'yar gudumarsa, ni ina biye da jaka. Ban taɓa tsammanin zan so abin ba, amma na so shi. Zai fasa dutse, sai ga katantanwa kwance a ciki ta zama dutse ita ma, ko haƙorin wani babban kifi da ba a san irinsa a Gulbin Rima ba. Ya ce a wani zamani duk nan teku ne. Na dubi inda muke, rana tana neman narka mana ƙwaƙwalwa, ko inuwar tsuntsu babu, na ce to Allah ya maimaita mana.

Aikina shi ne in nemo kalmar. Sharaɗin tallafin ya ce dole a yi babban taron jama'a kafin a rufe zango, kuma taro ba ya yiwuwa sai da suna. Mun yi ta juya abin har muka tsaya a kan "juyin halitta". Na ji daɗinta a baki. Tsoronmu ɗaya a lokacin shi ne malaman zaure, kada su ce mun shiga hurumin Ubangiji. Saboda haka na ɗauki dutse ɗaya na kai wa limamin unguwarmu, na yi masa bayani iyakar fahimtata. Ya jujjuya katantanwar, ya ce Allah da ya iya yin teku ai ya iya kwashe abinsa, in kuma ya so ya fitar da iri daga iri wa zai hana shi. Ya ce dai a kiyaye harshe a kan Annabi Adamu, ya tambaye ni ko zan bar masa dutsen ya riƙa danne takardu. Muka ɗauka mun haye.

Abin da muka manta shi ne, ba da daɗewa ba aka yi yunƙurin juyin mulki a ƙasar, an zubar da jini, shingayen soja ba su gama tashi daga hanyoyi ba. Kalmar "juyi" ta zama abin da ba a faɗa da ƙarfi. Ko mai masa a bakin kasuwa ba ta cewa za ta juya, sai ta ce bari ta duba ɗaya gefen. Ga kuma doka cewa duk taron jama'a sai an kai takardarsa an buga mata hatimi. Muka kai tamu. Washegari aka aiko mota ta ɗauke mu.

An kai mu wani ofis da ba allo a ƙofarsa. Jami'in da muka tarar yana sanye da farar kaftani, amma zaman da ya yi na masu kaki ne. Bahaushe ne na gabas, mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke sa mutum ya fara tuna zunubansa. Takardarmu na gabansa, ya ja layi ja a ƙarƙashin kalma ɗaya.

"Wa za a juya?" ya tambaya.

Na ce, "Halitta, ranka ya daɗe."

"Su wa ke bayan abin?"

Dakta ya ce ba kowa, abin da kansa yake faruwa.

"Haka kullum ake cewa. Yaushe za a fara?"

"Ya riga ya fara, yallaɓai. Tun da daɗewa."

Jami'in ya ajiye alƙalami. Na yi sauri na ce abin yana ɗaukar dubban dubban shekaru kafin a ga ko alamarsa, Dakta kuma ya fito da haƙorin kifi daga aljihu ya ɗora kan tebur. Mutumin ya saurara da kyau, in ba shi haƙƙinsa. Ya yi tambayoyi masu ma'ana. Daga ƙarshe ya ce ya gamsu cewa abin ba zai auku a lokacin wannan gwamnati ba, amma kalmar ba za ta fita daga ofishinsa da rai ba.

"Kun ce abu ne ke tashi daga wata siffa ya koma wata?"

Muka ce haka ne, kusan.

"To ai Hausa tana da shi. Rikiɗa ke nan. Ku malaman jami'a sai wahalar da kai."

Ya soke tamu, ya rubuta tasa da hannunsa, ya buga hatimi a kai. Ya ce in aka canza ko wasali ɗaya, izinin ya tashi. Har bakin ƙofa ya rako mu, yana murna ya taimaki ilimi.

A hanya na yi wa Dakta bayani. Na ce rikiɗa ba hawainiya kaɗai ke yi ba. A wurin mutanenmu, rikiɗa ita ce mutum ya tuɓe ya yi birgima a toka ya tashi kura, ya ci akuyar maƙwabci, ya dawo ya yi alwala. Na ce kuma ba a cika zargin ɗan gari da wannan ba, baƙo ake zargi, musamman wanda ya fito daga cikin duwatsu. Dakta ya yi dariya har babur yana tangaɗi.

"Malam, mutane ba wawa ba ne. Sun san ni."

Na ce mu koma mu roƙi wata kalmar. Ya ce ni in ina marmarin ofishin nan in koma, shi ya ƙoshi. Zango kuma ya kusa ƙarewa. Muka buga takardun da boko da ajami, don kowa ya samu. Aka manna a Ƙofar Kware da Ƙofar Atiku da kasuwa da tashar mota:

RIKIƊAR HALITTA. Dakta zai yi bayani tare da nuna misalai. Shiga kyauta.

"Tare da nuna misalai" ɗin Dakta ne ya dage a sa, saboda duwatsunsa.

Ba wanda ya ce komai a fuskarsa. Sakkwatawa ba su da wannan rashin kunya. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, sai dai daga nesa. Awakin da suka saba kwana a lungu aka fara shigar da su cikin gida tun la'asar. Matan da ke aiko da yara wurin matar Dakta, wadda malamar firamare ce, don ta duba musu karatu, suka gano cewa yaran sun iya. Wata tsohuwa ta tuna cewa tun zuwansa ba ta taɓa ganinsa a unguwa ranar Asabar ba, kuma yakan dawo da ƙasusuwa a aljihu. Wannan gaskiya ne. Sai kuma akuyar wani mahauci ta ɓata. Awaki suna ɓata a Ƙofar Kware tun kafin a gina ganuwa, amma wannan ta iya zaɓen lokaci.

Akwai kuma waɗanda abin ya burge. Wani ɗan sumoga mai bin hanyar Illela ya tare ni a kasuwa, ya ja ni gefe, ya tambaye ni ko Dakta yana ɗaukar ɗalibai na musamman. Shi ba kura yake so ba, in ji shi, jaki ya ishe shi, na yini ɗaya, don ba a tambayar jaki takarda a kan iyaka. Na ce masa abin yana ɗaukar dubban shekaru. Ya ce ai in an daidaita ba za a rasa yadda za a rage ba.

Ranar taron, tun da aka buɗe jami'ar ba ta taɓa ganin jama'a irin wannan ba. Zauren ya cika, tagogi sun cika, wasu sun hau bishiyar dogon yaro. Layin gaba ne kawai ba kowa, sai Baffa shi kaɗai, da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Wasu a baya sun zo da sanduna, don ko da wani abu. Shugabannin jami'a suna ta kallon juna, suna mamakin yadda son ilimi ya kama mutanen gari haka.

Dakta ya hau ya yi magana, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai kyau kamar ta ranar ba. Ya yi maganar tekun da ya taɓa rufe Sakkwato. Ya yi maganar gero, yadda kakanni suka yi ta zaɓen zangarniya mai kyau suna ajiyewa iri har ciyawar daji ta zama abincin gida. Ya yi maganar kare da dila, da tantabarun da masu kiwo ke fitar wa launi. Ina gefe ina gyara masa Hausa inda ta zame. Jama'a shiru, ko tari babu. Duk sanda ya sa hannu a aljihu sai ka ji zauren ya ja numfashi, sai ya fito da dutse. Da zafi ya dame shi ya tuɓe kwat ɗinsa, mata biyu suka fita da gudu.

Da ya gama ya ce ko akwai tambaya. Wani dattijo ya miƙe daga baya.

"To Dakta, mun ji bayani. Yaushe za a hwara?"

Dakta ya ce ai an gama.

Mutane suka watse rai a ɓace. Rabi suka ce ashe maƙaryaci ne, bai iya komai ba, ya tara mutane a rana. Rabi suka ce ya iya sarai, ganin sanduna ne ya sa ya fasa. Rabin farko suka manta da shi cikin mako guda. Rabi na biyu kuwa su ne maƙwabtansa.

Bayan 'yan kwanaki dattawan unguwa suka zo zauren Baffa da hantsi. Ina nan, don ni ke zuba musu ruwa. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka tambayi kasuwa, suka tambayi damina, sannan babbansu ya ce ba wai sun yarda da maganar mutane ba ne, amma hankalin mata ya tashi, kuma in da Alhaji zai ce za shi gyaran gida, da baƙo ya gane, ba sai an ɓata ba. Haka ake tayar da ɗan haya a wurinmu in ana jin nauyinsa. Ba a cewa tashi, sai a ce za a yi gyara.

Baffa ya bari suka gama.

"Gidana ba shi son gyara," in ji shi. "Mutumin ga da kuka magana, shi yak kai Inna asibiti ran da ciwo yat tashi ina Illela. In kura ta, to ku samo mani irinta biyu in ƙara. Ku tahi ku ɗaure awakinku."

Suka tashi suna cewa ai dama shawara ce. Ni kuwa daɗi ya kama ni har na kusa zubar da butar. Na je na gaya wa Dakta kalma da kalma, har da kwaikwayon murya. Ya yi dariya, amma ba irin ta kan babur ba. A zatona magana ta ƙare ke nan.

Ba ta ƙare ba, ta sauka ƙasa ne, wurin yara. Manya suna da kunya, yara ba su da ita. 'Yar Dakta ta je famfo, 'yan matan da suka tashi tare suka ɗauke bokitansu suka ba ta wuri, wata ta yi kukan kura ƙasa-ƙasa. A makaranta aka daina cin abinci da ita. Aka sa mata suna. Yarinyar ba ta gaya wa kowa ba, sai dai ta daina fita, ta daina ma zuwa ɗakin Inna don sai ta bi ta lungu. Wata rana uwarta ta same ta a gaban madubi ta buɗe baki tana duba haƙoranta. Ta tambayi uwar, da Sakkwatancinta tsantsa, wai in ta girma ita ma za ta rikiɗa, kuma da zahi?

Dakta da kansa ya ba ni wannan labari a ofis, yana jujjuya wani dutse a hannu. Na ji haushin unguwarmu a ranar, haushin da har yau bai gama sauka ba, domin mutane ne masu kirki, na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda a cikinsu zai yarda ya yi wani laifi.

Ranar da ya je wurin Baffa ya ce in raka shi. Bayan la'asar ne, Baffa yana zaure. Dakta ya tuɓe takalmi, ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Baba, jami'a ya ba ni gida a Dundaye."

Duk Sakkwato ba wanda bai san ba a ɗora ko jinka ɗaya a Dundaye ba. Baffa ya fi kowa sani, don motarsa ce ke kai wa 'yan kwangila yashi. Ya dubi Dakta, ya dube ni, ni kuma na dubi tabarma. In ya ce ƙarya ne, sai Dakta ya faɗi gaskiya, in kuwa ya faɗi gaskiya, ya zama Baffa ya kasa kare baƙonsa a unguwarsu. Dakta ya zo da ƙaryar ne don ya ɗauke masa wannan.

"Dundaye," in ji Baffa. "Wuri mai iska. To, Allah shi sanya albarka."

"Amin, Baba."

"Gidan na da hili? Yarinya ta samu wurin wasa?"

"Akwai, Baba. Babba."

"Madalla."

Ranar tashi Baffa ya ba da motarsa ta hatsi. Na ji yana gaya wa direban, "Ka kai shi inda yac ce. In ka dawo kada ka ba ni labari." Motar ta kai su unguwar baƙi ta bayan gari, ɗaki biyu a wani gidan haya mai hayaniya kusa da coci, inda ba wanda ya damu da wanda ya rikiɗa muddin ya bi layin famfo. Inna ba ta fito sallama ba. Ta miƙa ƙullin daddawa da kuka ta kan katanga, ta wurin nan da ya gajarta, ta koma ɗaki.

Rahoton da muka aika wa gidauniya ya yi kyau ƙwarai. Suka rubuto suna taya mu murna, suka ce a duk jami'o'in da suka tallafa babu inda jama'ar gari suka fito kamar namu, suna kuma fatan kalmar da muka samo za ta zauna a harshen. Malamin labarin ƙasa ya samu ƙarin girma da wannan takarda.

Baffa bai sake sa kowa a gidan ba. Masu nema suka yi ta zuwa, lokacin haya tana tsada, sai ya ce akwai mai shi. Dattawan unguwa suka ci gaba da salla sahu ɗaya da shi, ba wanda ya sake tayar da maganar. Akuyar mahauci ma an gan ta daga baya a garken surukinsa, amma wannan labari bai yi tafiya kamar na farko ba.

Da babbar Salla ta zagayo, ana cikin fiɗa, Baffa ya sa aka ware cinya guda aka naɗe a takarda. Ya kira ni.

"Kai ma baƙona wanga. Can Dundaye."

Na ɗaure a bayan babur, na fita ta hanyar Dundaye har na sha kwana, sannan na juya na nufi unguwar baƙi. Dakta ya karɓa da hannu biyu. Yarinyar ta fito ta gaishe ni, na ji Hausarta ta fara komawa irin ta ubanta. Ta tambaye ni Inna, sannan ta tambaye ni ko kyanwarsu tana nan.

Haka muka yi ta yi kowace shekara. Har aka gina gidajen Dundaye na gaske, aka raba wa manya, Dakta bai samu ba. Sojoji suka tafi, suka dawo. Baffa ya tsufa, ido ya yi rauni, kasuwa ta koma hannun 'ya'yansa, amma cinyar ba ta taɓa fashi ba, tambayoyin ma ba su canza ba. In na dawo zan same shi a zaure yana jira.

"Ka iske su lahiya?"

"Lafiya lau, Baffa. Suna gaishe ka."

"Gidan hwa? Akwai iska?"

"Akwai, Baffa."

A Sallar da ta zama ta ƙarshe gare shi, da na ba shi amsar nan sai ya shiga shafa wata katantanwar dutse da Dakta ya manta a tagar gidan. Na yunƙura zan tashi, ya riƙe mini riga.

"In ka koma," in ji shi, "ka ce mashi in iskan Dundaye ya ishe shi, ɗakinai na nan. Ban gyara komi ba."